Ƙusar Da Aka Ɗora Wa Abin Da Ba A Lissafa Ba

Duk wanda ya daɗe bai shiga manyan garuruwanmu ba, in Allah ya kawo shi yau ya bi titi daga bakin gari zuwa kasuwa, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yadda ƙarfe ya karɓe aikin da a da azara da katako da kankare ke yi: rumfunan gidajen mai masu dogayen fuka-fukai, da manyan sito waɗanda babbar mota ke juyawa a cikinsu ba ta goga ginshiƙi ba, da allunan talla da ke tsaye da ƙafa ɗaya bisa kawunan masu wucewa, da tankunan ruwa da aka ɗaga sama a makarantu da asibitoci, da ɗakunan taro masu faɗin rufi. Masu waɗannan gine-gine kuwa, in sun zo ciniki da ɗan kwangila, a kan kaurin ginshiƙi da yawan tan na ƙarfe suke tsayawa su yi ta jayayya, domin su ne abin da ido ke gani, hannu kuma ke shafawa. Amma mahaɗa, wato wurin da aka haɗa wannan ƙarfe da wancan da ɗan faranti da ƙusoshi huɗu ko shida, da wuya ka ji wanda ya tambayi yadda aka yi ta, balle wanda ya yi hisabinta. Ni a ganina wannan gafala ce babba, kuma wajibi ne kowace mahaɗa da ke riƙe da nauyi bisa kan bayin Allah ta kasance tana da mai ita, injiniya sananne da sunansa, wanda ya lissafa ta, ya sa hannu, za a kuma iya kiransa gobe ya amsa. Hujjata zan ɗauko ta ne daga wata mas'ala ƙarama wadda ma'abota wannan fanni suka daɗe da sani, alhali sauran jama'a, har da da yawa daga cikin masu kwana da sifana a hannu, ba su taɓa jin labarinta ba.

Mu ƙaddara ana so a rataye kaya mai nauyin tan 40 a ƙarƙashin wani babban bim, wato ƙarfen da ke kwance bisa ginshiƙai. Sai a samo farantin ƙarfe, a yi waldar wani ƙarfen a tsaye a tsakiyarsa, ta yadda in ka dube su ta gefe za ka ga siffar harafin T na boko, sannan a huda farantin, ramuka biyu a dama biyu a hagu, a manna shi da cikin bim, a zura ƙusoshi masu zare a ɗaure su da noti, kayan kuma a rataye su a ƙafar harafin. Ko ɗan firamare aka tambaya zai raba 40 gida huɗu ya ce kowace ƙusa tana ɗauke da tan 10, kuma da a ce farantin abu ne wanda ba ya motsi ko kaɗan, da amsarsa ta yi daidai. Amma ƙarfe, komai taurinsa a hannu, yana lanƙwasa in nauyi ya zauna masa. Da zarar kayan sun ja tsakiyar farantin ƙasa, sai tsakiyar ta ɗan rabu da cikin bim, wurin da ƙusa take kuwa ya tsaya inda aka ɗaure shi, shi kuma bakin farantin da ya saura a bayan ƙusa, tun da ba shi da inda zai nufa, sai ya dogara da bim ya tokare shi. Bim ba ya matsawa, sai ya mayar da tokarar, wannan mayarwar kuwa ƙasa take nufa, inda kayan suka nufa, kuma babu abin da zai tare ta face ƙusar nan. Ashe ke nan ƙusa tana ɗauke da rabonta na kaya, tana kuma ɗauke da wani ƙari wanda farantin da kansa ya haifar. Wanda ya taɓa buɗe kwalbar lemo ya riga ya san wannan da hannunsa: hancin mabuɗi yana dogara bisa saman murfi, haƙorinsa yana kama gefen murfin, hannu yana ɗaga ƙarshensa, sai ƙarfin da ya isa ga gefen murfin ya fi na hannun nesa. A mahaɗarmu bakin faranti shi ne hancin mabuɗi, kayan su ne hannu, kan ƙusa shi ne murfin da ake neman ɓamɓarewa. Shi ya sa zan kira wannan ƙari ƙarfin ɓamɓara.

Yawansa kuwa ba abin rainawa ba ne. Idan tazarar da ke tsakanin ƙusa da layin walda ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙusa da bakin faranti, farantin kuma bai da kauri, har ya kai ga sallamawa ya lanƙwashe gaba ɗaya, to hisabi ya nuna ƙarin yana kai rabin rabon ƙusa, wadda aka zata tana ɗauke da tan 10 sai ta tashi da 15. Ƙusa mai kaurin milimita 20, mai lambar 8.8 a ka, ƙa'idar Turai ta yarda a dogara da ita zuwa kimanin tan 14. Wanda ya yi lissafin ɗan firamare zai ga 10 a ƙarƙashin 14 ya kwanta da hankalinsa, yana zaton ya bar rata mai yawa, alhali ƙusar ta riga ta tsallake haddin da aka gindaya mata ba tare da an ƙara ko tsinke a kan kayan ba. In kuwa farantin mai kauri ne ƙwarai, wanda ba ya rusunawa, to bakinsa ba ya tokarar komai, ƙarin ya faɗi, lissafin yaron ya dawo gaskiya. Abin da ke raba wannan hali da wancan 'yan milimita ne na kauri.

A nan ne ido ke yaudarar mai shi. Juriyar faranti ga lanƙwasa tana tafiya ne da kauri sau kauri. Faranti mai milimita 20, in ka buga 20 sau 20 za ka sami 400. Mai milimita 16 kuwa 256 zai ba ka. Wato an rage kashi ɗaya cikin biyar na kaurin, amma abin da ya tafi na juriyar ya haura kashi ɗaya cikin uku. In aka sauko zuwa milimita 12, abin da ya saura ɗan fiye da sulusi ne kaɗai. Ka ajiye na 20 da na 16 a ƙasa, an shafa musu jan fenti iri ɗaya, ka kira mai gini ya bambance su daga tsaye, sai dai ya yi canke.

Wannan musanye kuwa ba a ɓoye ake yin sa ba, kuma galibi ba da mugun nufi ba. Wanda ya saba tsayawa a rumfar masu walda ya san yadda zancen ke gudana. Yaro ya dawo daga kasuwa ya ce na 20 ya ƙare, sai maigidansa ya ɗaga waya ya kira mai aiki: "Alhaji, babu na 20 sai wani mako, ga na 16 nan a hannu, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ga shi kuma za ka sami sauƙi." Alhaji, wanda kwanan kwangila ke bin sa, ya ce a yi. Sai a shimfiɗa farantin a ƙasa, a zana wuraren ramuka da alli, yaron ya gwada sifana ya ga bakinta yana bugun walda ba za ta juya ba, sai ya goge allin da tafin hannu ya matsar da ramin waje da faɗin ɗan yatsa. Ta fuskar sana'a ya yi dabara, domin notin da sifana ba ta kama shi ba ba zai ɗauru ba. Ta fuskar hisabi kuwa ya ƙara wa mabuɗin kwalbar tsawon hannu, ya kuma rage masa hanci: tazarar da take milimita 40 ciki da 40 waje ta koma 50 da 30, ƙarin da a da iyakarsa rabi ne yanzu yana iya haura kashi 80 cikin 100, farantin kuma zai sallama da nauyin da bai kai na farko ba. In an je wurin aiki ramuka suka ƙi haɗuwa, sai a kunna gas a faɗaɗa su da wuta, a jera washa biyu ko uku a rufe bakin. A ƙarshe a shafa fenti, mahaɗar ta yi kyau abin sha'awa, kuma babu takarda ɗaya a duniya da ta san abin da ya auku.

Abin da ya sa na ce wannan mas'ala ba ta hankalin yau da kullum ba ce shi ne, magungunan da hankali ke fara kawowa su ne waɗanda ba su cika yin aiki ba. Mai gini mai ihtiyaɗi zai ce a ƙara ƙusoshi, a yi layi biyu a kowane gefe. Amma gwaji ya nuna cewa matuƙar farantin yana lanƙwasa, layin da ke kusa da walda shi ke shan kusan dukan wahalar, na waje kuwa yana zaune kamar baƙo, sai na cikin ya tsinke sannan nauyi ya faɗo masa farat ɗaya. Wani zai ce a sa ƙusa mafi kauri. Ƙusa mai kauri tana bukatar rami mai faɗi da babbar sifana, sai ta tilasta a ƙara nesanta ta da walda, ga shi ba ta hana faranti rusunawa. Maganin haƙiƙa yana wurin farantin kansa: a ƙara masa kauri, ko a yi masa waldar haƙarƙari masu tallafa masa, a kuma kusanto da ƙusa wajen walda iyakar yadda sifana za ta yarda. Sannan akwai batun ɗauri, wanda ke ɓoye illar har ta girma. Ƙusa mai ƙarfi, a inda nauyi ke zuwa yana komawa, ƙa'ida ta ce a ɗaure ta har a kai kashi 70 cikin 100 na abin da zai tsinka ta, domin muddin ƙarafan biyu suna matse da juna, nauyin waje ba ya canza abin da ƙusa ke ji sai kaɗan. Ɓamɓara tana gaggauta rabuwarsu, in kuwa suka fara buɗewa suna rufewa, sai ƙusa ta shiga ja da saki, tsaga ƙarama ta fara daga gindin zare ta yi ta ci shekara da shekaru, abin da masana ke kira gajiyar ƙarfe. Allon talla da rumfar gidan mai su ne suka fi shiga wannan hali, saboda iska tana tura su gabas yau, gobe yamma, ƙarfinta kuma yana ninkuwa huɗu in gudunta ya ninku biyu. Ƙusoshin da ke ɗaure farantin gindinsu da kankare, a hadarin farkon damina, ja suke sha ba danni ba.

Babu wanda zai kawo uzurin cewa ilmin sabo ne. A da ana haɗa ƙarafa ne da ƙusoshin da ake gasawa su yi ja a dake kansu, irin waɗanda ake gani a tsofaffin gadojin jirgin ƙasa. A 1947 aka kafa wata majalisar bincike a Amurka a kan haɗa ƙarafa, a 1951 ta fitar da ƙa'idar farko da ta halatta a maye gurbinsu da ƙusoshi masu ƙarfi na noti. Da aka fara rataye nauyi a kansu sai mas'alar ɓamɓara ta bayyana, malamai suka duƙufa: Douty da McGuire na jami'ar Cornell suka buga sakamakon gwaje-gwajensu a 1965, Struik da de Back na Delft a ƙasar Holan suka biyo a 1969, Zoetemeijer ya ƙara a 1974, har abin ya zama babi tabbatacce a littattafan koyarwa. Ƙa'idar Ingila mai lamba BS 5950, wadda injiniyoyinmu da yawa suka yi karatu a kanta, ta ba da hanya mai sauƙi ga wanda ba ya son dogon lissafi: ya dogara da kashi 80 cikin 100 kawai na ƙarfin ƙusa, ragowar ya bar wa ɓamɓara, bisa sharaɗin kada ƙusoshin su yi nisa da juna fiye da wani haddi. Ƙa'idar Turai da ta gaje ta a Ingila a 2010 ta kasa lalacewar irin wannan mahaɗa gida uku: ko faranti ya lanƙwashe ƙusa na nan, ko ya fara lanƙwasa ƙusa ta tsinke, ko ƙusa ta tsinke faranti bai motsa ba, ta kuma wajabta wa mai lissafi ya auna dukan ukun ya ɗauki mafi rauni. Aiki ne na shafi ɗaya ko biyu ga wanda ya iya.

Su kansu waɗanda suka rubuta littattafan ba su tsira ba sai da suka sha wuya, kuma birni ɗaya, Kansas ta jihar Misuri a Amurka, ya ba da darasi biyu cikin shekara biyu. Zauren wasanni na Kemper, wanda aka buɗe a 1974, an rataye rufinsa ne daga wasu manyan ƙarafa uku da ke waje, ta hanyar marataya 42, kowane da ƙusoshi huɗu masu tsananin ƙarfi, kuma ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta ba shi lambar yabo a 1976. Ranar 4 ga Yuni 1979 aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ruwa ya taru a kan rufin, sai wani babban yanki nasa ya rufto cikin zauren. Allah ya ƙaddara ba a taron komai a ranar, ba wanda ya rasa ransa, ita kuma ƙungiyar da ta ba da lambar tana taronta na shekara a cikin birnin a daidai lokacin. Masu bincike suka gano cewa manyan ƙarafan ba su ne suka gaza ba: iska ce ta yi shekaru tana jijjiga maratayan, ƙusoshin da ba su kasance a matse yadda ya kamata ba suka yi ta ja da saki har suka gaji, maratayi ɗaya ya tsinke ya jefa nauyinsa kan maƙwabtansa, su ma suka bi shi.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A otal ɗin Hyatt Regency na wannan birni akwai gadojin tafiya da aka rataye a sararin babban zaure, ta hawa na huɗu tana bisa ta hawa na biyu. A zanen asali sandar ƙarfe ɗaya ce za ta sauko daga rufi ta ratsa gadar sama ta kai ga ta ƙasa, kowace gada tana zaune a kan notinta. Masu ƙera ƙarafan suka ga wannan yana da wuyar aiki, suka mai da shi sanduna biyu, ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa, zanen ya koma ofishin injiniyoyi aka buga masa hatimi ba tare da an sake lissafi ba. Da wannan canji mahaɗar gadar sama ta koma ɗaukar gada biyu maimakon ɗaya. Ranar 17 ga Yuli 1981, zauren cike da masu rawa, gadojin suka faɗo, mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Illar a nan ba ɓamɓara ba ce, amma asalin cutar ɗaya ne: an canza mahaɗa don sauƙin aiki, maƙeri yana zaton injiniya ya duba, injiniya yana zaton maƙeri ya lissafa. Hukumar rajistar injiniyoyi ta jihar ba ta karɓi wannan turanniya ba. A 1986 ta ƙwace lasisin injiniyoyi biyu, bisa hujjar cewa wanda hatiminsa ke kan zane ba ya iya miƙa alhakin mahaɗa ga wani. Wannan hukunci shi nake so ya zama ƙa'ida a wurinmu tun ba mu saye shi da irin kuɗin da suka saye shi ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce masu waldarmu gwanaye ne, kuma haka ne. Wanda ya zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga abin da hannu ke fitarwa daga ƙarfe ba zai raina su ba. Sai dai gwanintar hannu tana ginuwa ne a kan abin da aka jarraba aka ga sakamakonsa, ɓamɓara kuwa sakamakonta yana iya jinkirta shekara biyar, ya zo cikin dare da hadari, a ce iska ce, a yi jaje, a share wurin, labarin bai komo rumfar da aka yanke farantin ba. Za a ce kuma ga dubban rumfuna suna tsaye ba su faɗi ba. Suna tsaye ne saboda ratar da ƙa'ida ta bari domin iskar da ba a saba gani ba da aibin ƙarfe da ba a sani ba, wanda ya cinye wannan rata tun ranar gini kuwa ya bar ginin ba shi da abin fuskantar ranar da aka ajiye ta dominta. Wani masani ma yana iya cewa faranti mara kauri ba kullum yake aibi ba, domin wanda ya lanƙwashe a hankali yana yin gargaɗi, ƙusa kuwa tsinkewa take yi ba sallama, shi ya sa a wasu gine-gine da gangan ake so faranti ya riga ƙusa sallamawa. Wannan gaskiya ce, kuma tana ƙarfafa maganata: wanda ya zaɓi haka ya zaɓa ne da alƙalami, ya ba ƙusa ƙarfin da zai ɗauki ƙarin, ba don na 20 ya ƙare a kasuwa ba. Batun tsadar injiniya kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Mai iya sayen tan-tan na ƙarfe ba ladan shafi biyu na lissafi ne zai karya shi ba.

Ɗora alhaki a kan mai sana'a ba baƙon abu ba ne a fiƙihun da muka gada. Malaman mazhabar Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka miƙa musu su yi aiki a kansa, saboda maslahar jama'a, sun kuma hukunta cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba shi da ilminsa shi ke da lamunin ɓarnar da ya yi. Sun yi magana a kan bangon da ya karkata, cewa in an gargaɗi mai shi ya sami damar gyarawa ya ƙi, to abin da bangon ya halaka yana wuyansa. A Tunis, a ƙarni na 14 na Miladiyya, an yi wani magini mai suna Ibnur Rami wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake husuma a kansu, har ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Alƙalin bai ce shi malami ne don haka ya san bango ba. Ya nemi ma'abocin sani, ya gina hukunci a kan shaidarsa. Abin da ya bambanta mahaɗar ƙarfe da bango shi ne, bango in ya karkata maƙwabci yana gani ya yi gargaɗi, ita kuwa karkatarta milimita ɗaya ce a ƙarƙashin fenti, taku ashirin sama da ƙasa, ba mai iya gargaɗi a kanta sai wanda ya yi hisabinta.

Ita ma ƙusar tana da nata sha'ani. Lambar da ke kanta ita ce shaidarta: mai milimita 20 da ke ɗauke da 8.8 tana tsinkewa ne a wajen tan 20, 'yar'uwarta mai 4.6, wadda kaurinsu da tsawonsu da hasken jikinsu duk ɗaya ne, a wajen tan 10 take tsinkewa. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan ba ta da matsayi a inda rai ke ƙarƙashi. Lambar ma ana ƙirƙirarta. Amurka da kanta sai da jabun ƙusoshi suka addabe ta har ta kafa doka ta musamman a kan ingancinsu a 1990. Wannan fage ne na hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, kuma ina ganin ƙusar gini ta cancanci irin kulawar da ake ba rodi da siminti.

Ba sabuwar hukuma nake nema ba, domin muna da majalisar COREN mai rajistar injiniyoyi tun 1970, muna kuma da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Abin da nake nema shi ne hukumomin tsara birane na jihohi su daina karɓar zanen ginin ƙarfe wanda ya nuna ginshiƙai da bim amma ya bar mahaɗa ga mai ƙira. A ce dole kowace mahaɗa mai ɗaukar ja ta zo da zanenta, an rubuta kaurin faranti da lambar ƙusa da tazarar ramuka da yadda za a ɗaure, ga lissafin ɓamɓara a haɗe, ga hatimin mai rajista a ƙasa. Allunan talla da tankuna da rumfunan gidajen mai su shiga cikin wannan hukunci, don kasancewarsu ba ɗakin kwana ba bai hana mutane tsayawa a ƙarƙashinsu ba. Duk canjin da za a yi a rumfar walda, ko na milimita biyu ne, a koma wurin mai hatimin ya amince a rubuce. Shi ma mai walda wannan kariya ce gare shi, domin ranar da abu ya faru shi ne mara galihun da za a fara kamawa.

Mai gini kuma ba sai ya jira hukuma ba. Kafin a shafa fenti, kafin a ɗaga ƙarafan sama, ya je da kansa da takardar zanen a hannu, ya sa a auna masa kaurin kowane faranti da ma'auni a gabansa, ya sunkuya ya karanta lambar da ke kan ƙusa, ya duba ramukan ko da injin huji aka yi su ko da wuta. In ɗan kwangila ya ce masa, "Alhaji, ai ba a yi wa irin wannan zane," to ya riƙe kuɗin kashi na gaba har zanen ya zo da sunan wanda ya lissafa shi.